Adashin Ilimi: Yadda Malaman Jami'a Za Su Haɗa Ƙungiyar Koyon Koyarwa a Tsakaninsu

Ko mako biyu ban yi da karɓar takardar ɗaukar aiki ba shugaban sashe ya kira ni ofis, ya ba ni lambar kwas biyu da sunan ɗakin da zan riƙa shiga. Ya ce, "Malam, ga naka nan, Litinin za ka fara." Shi ke nan. Babu wanda ya tambaye ni ko na taɓa tsayawa gaban allo. Na koma gida na zaro littafina na ɗalibta, na kwafe abin da malaminmu ya karanta mana muka rubuta, na je na karanta wa 'ya'yan mutane su ma suka rubuta.

Da yawanmu haka muka fara. Mai neman takardar shaidar malanta ta NCE, wanda firamare zai koyar, sai ya yi watanni yana koyarwar gwaji, ana zuwa ana duba shi ana ba shi maki. Mai digiri na uku kuwa ana ɗauka tun da ya san fanninsa, ya iya koyar da shi. Kwamitin ƙarin girma ma maƙaloli yake ƙirgawa, tun daga ƙaramin malami har kujerar farfesa, don haka mutum zai iya shekara talatin yana lacca ba tare da wani abokin aikinsa ya taɓa zama a ajinsa na minti goma ba. Idan an tuna da koyarwa, sai a shirya bita ta kwana biyu a otal, a raba jaka da biro da takardar shaida, ranar Litinin kowa ya koma kan tsohon littafinsa.

Abin da na ga yana aiki ƙarami ne, kuma ba ya cin kuɗi: malamai kaɗan su haɗu, su riƙa shiga ajin juna, su riƙa zama suna tattauna abin da suka gani. Ni adashi nake kiransa, domin kowa yana zubi kowa kuma yana da ranar kwasa. Ba mu ne farau ba. Jami'ar Miami da ke jihar Ohayo a Amurka ta fara irin waɗannan ƙungiyoyi na malamai a 1979, kuma Milton Cox, wanda ya daɗe yana jagorantarsu, shi ya yaɗa tsarin zuwa wasu jami'o'i. Malaman makarantun Japan sun fi shekara ɗari suna shirya darasi tare, ɗaya ya koyar sauran su kalla, sannan a zauna a gyara. Mu ma a nan, duk wanda ya yi karatun zaure ya san muɗala'a, inda ɗalibai ke haɗuwa su warware wa juna darasi kafin su je gaban malam. Mun dai bar abin a ƙofar jami'a ne ba mu shigo da shi ba.

Mataki na farko: nemo abokan zubi

Mutum huɗu zuwa shida sun isa. Tsarin Miami yakan kai mutum takwas zuwa goma sha biyu, amma can akwai ofishin da ke tsara musu lokaci da kuɗi. A nan, inda malami ɗaya ke da kwasa-kwasai huɗu da ɗaliban furojet ashirin da kwamiti uku, haɗa jadawalin mutum goma a sa'a ɗaya wahala ce da za ta kashe abin tun bai tashi ba.

Kada ku liƙa sanarwa a allon sashe. Ku bi mutane ɗaya bayan ɗaya, waɗanda kuka taɓa ji suna kukan ajinsu da gaske, irin mai cewa "na yi bayani sau uku amma a jarrabawa kamar ban taɓa shiga ajin ba." Mai irin wannan kukan ya riga ya shirya.

Akwai mutum biyu da ba a sa su a ƙungiya, komai kirkinsu. Na farko shugaban sashe mai ci, domin shi ke cike takardar kimanta aikinku ta shekara, kuma babu wanda zai buɗe rauninsa a gaban mai riƙe da alƙalamin ƙarin girmansa. Na biyu, malamin da ke duba kundin digirin wani ɗan ƙungiyar. A sassanmu ƙananan malamai da yawa ɗaliban manyan ne, suna digiri na biyu ko na uku a hannunsu. Ka zaunar da ɗalibi da mai duba shi ka ce su gyara wa juna koyarwa, abin da za ka ji shi ne "haka ne, ranka ya daɗe" har a tashi.

Wannan ba ya nufin a guje wa manya. Da tsohuwar zuma ake magani, kuma farfesan da ya yarda ya zauna a bencin baya ya kalli ƙaramin malami, sannan ya bari a kalle shi, ya fi bita goma amfani. Sharaɗin kawai shi ne ya fito daga wani sashe, kuma ya yarda cewa shi ma yana da ranar da za a shiga ajinsa. Haɗa sassa ma yana da wata fa'ida: malamin tarihi da ya zauna a ajin kimiyyar sinadarai ba zai tsaya gardamar abin da ake koyarwa ba, tun da bai san shi ba. Zai zauna ne kamar ɗalibi, ya gane daidai inda aka bar shi a baya. In akwai malama a ƙungiyar, ku yi ƙoƙari su zama biyu, kuma ku sa lokacin zama a cikin sa'o'in aiki, ba bayan magariba ba.

Mataki na biyu: zaman farko da ƙa'idoji

Zaman farko na ƙulla amana ne. Ku rubuta ƙa'idoji a shafi ɗaya, kowa ya riƙe kwafi. Mafi girmansu: abin da aka gani a aji ko aka faɗa a zama ba ya fita, ba ya zuwa ofishin shugaban sashe, ba ya zama hirar ɗakin shan shayi. Ranar da maganar wani ta fita, ranar ƙungiyar ta mutu, ko da kun ci gaba da haɗuwa.

Sai lokaci. Sa'a ɗaya da rabi duk mako biyu, rana ɗaya tsayayya, wuri ɗaya tsayayye. Zangon karatu yakan ba ku zama shida ko bakwai kafin jarrabawa ta cinye kowa, don haka tun ranar ku raba kwasa: wane za a shiga ajinsa a mako na uku, wance a na biyar. Wanda ya kawo shawarar kafa ƙungiyar shi zai fara buɗe ajinsa. Jagorancin zama ya riƙa zagayawa, amma a samu mutum ɗaya, uwar adashi ke nan, mai tuna wa mutane a WhatsApp da riƙe littafin ƙungiya. Zauren WhatsApp ɗin kuma na sanarwa ne kawai, in ba haka ba cikin mako guda zai cika da labarin albashi da siyasa.

Ku sanar da shugabannin sassanku cewa kuna yi, don kada a ga baƙo a aji a ɗauka bincike ake yi. Sanarwa ce, ba neman izinin kafa kwamiti ba.

Mataki na uku: kowa ya kawo matsala ɗaya

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kowane malami zai zo da abu ɗaya da ke damunsa a kwas ɗaya, kuma aikin sauran shi ne su matsa masa har ya ƙanƙance shi. "Ɗalibai ba sa karatu" ba matsala ce da za a iya aiki a kanta ba, ƙorafi ne. "Ɗalibaina na aji biyu suna iya lissafa amsa amma in na ce su faɗi ma'anar lambar da suka samu sai su yi shiru," wannan ita ce matsala.

Hanya mafi sauƙi ta gano ta tana cikin kabad ɗinku. Ku ɗauko takardun jarrabawar bara guda talatin ba tare da zaɓe ba, ku duba tambayar da aka fi faɗuwa a kanta, sannan ku karanta amsoshin da ba daidai ba a tsanake. Sau da yawa za ku tarar kuskure iri ɗaya ne yake maimaituwa a takardu goma sha biyar. Idan mutum goma sha biyar da ba su zauna kusa da juna ba suka yi kuskure iri ɗaya, to daga bakin malam suka ɗauko shi, ko daga abin da malam ya tsallake.

Ga masu neman inda za su fara: sabuwar manhajar da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ta ƙaddamar a Disambar 2022, wadda ake kira CCMAS, ta tsara kashi 70 cikin ɗari na kwasa-kwasai ta bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cike da kanta. Wannan ya sa malamai da yawa suna riƙe da kwas ɗin da babu tsohon littafin da za a kwafa. Irin wannan kwas shi ya fi dacewa a kawo ƙungiya, domin babu wanda zai ji kunyar cewa yana lalube.

Mataki na huɗu: shiga ajin juna

Nan ne zuciyar aikin, kuma nan aka fi ɓata shi.

Kwana ɗaya ko biyu kafin laccar, mai aji da masu kallo su yi minti goma tare. Mai aji ya faɗi abin da yake so ɗalibai su iya idan an tashi, ya kuma faɗi abin da yake so a lura masa da shi. Masu kallo kada su wuce biyu. A ranar, mai aji ya gaya wa ɗalibai gaskiya a taƙaice: "Waɗannan abokan aikina ne, ni suka zo kallo, ba ku ba." Masu kallo su iso kafin a fara, su zauna a baya ko a gefe cikin ɗalibai, su kashe waya, kuma kada su ce uffan har a tashi, ko da sun ji an yi kuskure.

Zaman baya kansa darasi ne. A manyan ajujuwa irin na kwasa-kwasan GST, wato darussan bai-ɗaya da ɗaliban kowane sashe ke ɗauka, inda ɗaruruwan ɗalibai ke cika ɗaki wasu na tsaye a taga, malami bai san cewa daga layi na goma sha biyu ba a jin muryarsa in babu wuta, ko cewa rubutun jan alƙalamin allo ba ya karantuwa daga tsakiyar ɗaki. Ni sai da na zauna a bayan ajin wani na gane cewa shekaru ina yi wa layi uku na gaba lacca ne, sauran suna jiran su ari littafi su kwafa.

Me za a rubuta? Abin da ido ya gani da kunne ya ji, tare da lokaci. Ku raba takarda gida biyu, hagu abin da malam yake yi, dama abin da ɗalibai suke yi, ku riƙa sa alama duk minti biyar. Ku ƙirga tambayoyin da malam ya yi, ku ware "kun gane?" daban, domin wannan ba tambaya ba ce, amsarta kullum "e" ce. Ku zana taswirar ɗakin ku sa ɗigo a wurin duk wanda ya yi magana, za ku ga ko ɗigon ya taru a gaba, ko ɓangaren mata babu ko ɗaya. Sannan ku auna shirun da malam ke bari bayan ya yi tambaya. Wata mai bincike a Amurka, Mary Budd Rowe, ta auna wannan a shekarun 1970 a ajujuwan kimiyya, ta samu malamai kusan daƙiƙa ɗaya suke jira kafin su amsa wa kansu ko su nuna wani, kuma idan aka tsawaita jiran zuwa daƙiƙa uku ko fiye, amsoshi na ƙara tsawo, masu amsawa na ƙara yawa. A wurinmu, inda ɗalibi zai ji tambaya da Turanci, ya juya ta a ransa da Hausa ko Fulfulde ko Kanuri, ya sake ɗinka amsar da Turanci, kuma yana tsoron a yi masa dariya, daƙiƙa ɗaya ko juyawar farko ba ta isa ba.

Abin da ba a rubutawa shi ne hukunci. "Lacca ba ta da armashi" ba ya shiga takarda. "Daga 10:20 zuwa 10:45 malam yana karantawa daga takarda, na ƙirga mutum tara a layina suna danna waya" shi ke shiga.

Mataki na biyar: zaman bayan lacca

A yi shi cikin kwana uku, tun abin yana da ɗumi. Mai aji shi zai fara magana: me ya yi niyya, me yake ganin ya tafi daidai, ina ya ji abin ya kuɓuce masa. Sau da yawa shi da kansa zai faɗi rabin abin da ke takardar masu kallo, sai nauyin ya ragu.

Cutar wannan zama iri biyu ce. Ta farko kara. Mu mutane ne masu kunyar ido, don haka sai ka ji "Masha Allah, Dakta, lacca ta yi kyau, Allah ya ƙara basira," a yi addu'a a watse, babu wanda ya ƙaru da komai. Ta biyu ita ce ta wanda ya samu dama, ya mayar da zaman kamar kare kundin digiri, yana jero kurakurai. Laifi tudu ne, kuma malamin jami'a ya ƙware wajen hango na wani. Maganin duka biyun shi ne takardar nan mai lokaci da ƙirge. Mai kallo ba sai ya yaba ko ya kushe ba, karantawa kawai zai yi sannan ya yi tambaya: "Dakta, da misalin goma da rabi kin tambayi bambancin abubuwan nan biyu, kin jira kamar daƙiƙa biyu sai kika ba da amsa. Me kika hango a fuskokinsu a lokacin?" Irin wannan tambayar ba ta da kaifi, amma ba a iya kauce mata.

Akwai wata dabara da aka faro a wata kwalejin birnin St. Louis a Amurka, inda malamai huɗu daga fannoni daban-daban ke shiga ajin juna, amma idan sun zauna kowa abin da ya koya game da tasa koyarwar yake faɗa, ba ya gyara wa wanda ya kalla. Ina ba da shawarar ku yi zagayen farko gaba ɗaya a haka, musamman in akwai tazarar girma a tsakaninku. Ƙaramin malami ba zai iya ce wa farfesa "kana sauri" ba, amma zai iya cewa "ranka ya daɗe, da na zauna a baya na kasa bin rubutun, sai na gane ni ma haka nake yi wa nawa." Saƙo ya isa, girma bai faɗi ba. A zagaye na biyu, in an saba, sai a fara gyara kai tsaye.

Kafin a tashi, mai aji ya zaɓi abu ɗaya da zai canza, a rubuta a littafin ƙungiya. Ɗaya tak.

Mataki na shida: gwada sabon abu, a dawo da labari

Ku zaɓi dabarun da ba sa jiran wuta ko majigi. Wadda na fi so ita ce ta Eric Mazur, malamin fiziks a Jami'ar Harvard, wanda a farkon shekarun 1990 ya gano ɗalibansa suna warware lissafi mai wuya amma suna faɗuwa a tambayoyi masu sauƙi na fahimta. Sai ya koma yin haka: ya yi gajeren bayani, ya jefa tambaya mai zaɓi, kowa ya zaɓi amsa shi kaɗai, sannan ya juya ga na kusa da shi wanda amsarsu ta bambanta su yi gardama na minti biyu, a sake zaɓe. Ba kwa buƙatar na'ura. Kowane ɗalibi ya ɗora yatsu a ƙirjinsa, ɗaya zuwa huɗu, yadda malam zai gani amma na baya ba zai kwaikwayi na gaba ba. Idan kusan kowa ya samu, a wuce. Idan kusan kowa ya faɗi, a sake bayani. Idan aji ya rabu, nan gardamar ke da daɗi. Wahalar tana wajen rubuta tambayar da amsoshinta na kuskure za su ja hankali, kuma nan ne takardun jarrabawar bara da abokan ƙungiya za su yi muku rana.

Wata mai sauƙi: minti uku kafin a tashi, kowa ya yagi 'yar takarda ya rubuta abin da ya fi shige masa duhu, ba suna. Ku kawo hamsin daga ciki zaman ƙungiya a karanta tare.

Wanda ke tsoron gwada sabon abu a gaban ɗalibai ɗari uku, ya fara gwadawa a gabanku na minti goma, wani ya ɗauke shi bidiyo da wayarsa shi mai laccar, don hoton ya zauna a hannunsa.

Ku ware zama ɗaya kafin jarrabawa don ba da maki tare. A ɗauki takardu biyar a rufe sunaye, a yi musu hoto, kowa ya ba da maki shi kaɗai da tsarin makin mai kwas, sannan a kwatanta. Ranar da muka fara yin haka, tazarar da ta fito a kan takarda ɗaya ta isa ta raba mai cin kwas da mai maimaita shi. Tsarin makin ne bai fayyace ba, kuma a zaman muka gyara shi.

Kuɗi, maƙala da yajin aiki

Kada ku fara da neman kuɗi. Ƙungiyar da aka kafa don alawus tana tsayawa ranar da alawus ya tsaya, kuma tana jawo waɗanda ba koyarwa ce ta dame su ba. Shayi da ƙosai na karo-karo sun isa. Bayan zango biyu, in littafinku ya cika da ƙirge da sakamakon gwaji, kuna da abin da za ku nemi tallafin binciken cikin gida na asusun tallafa wa manyan makarantu, TETFund, da shi, kuma kuna iya fitar da maƙala, abin da kwamitin ƙarin girma ke ganewa. Sai dai ku yi maganar sunaye tun kafin a fara rubutu: wanda bai yi aiki ba ba a sa shi, kuma babu ajin wanda za a ambata sai da yardarsa. Al'adar "sa ni a takardarka in sa ka a tawa" in ta shigo, ta cinye amanar da kuka ƙulla a zaman farko.

Kalandar jami'a kuma ba ta da tabbas. Yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, na 2020 ya kai wata tara, na 2022 ya ɗauki wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, kuma bayan kowanne sai da aka matse zanguna don a cike giɓi. A zangon da aka matse, ku rage zuwa zama huɗu maimakon ku soke. Lokacin azumi ku mayar da zaman safe. Idan wani ya tafi ƙaro karatu, kada ku cike gurbinsa a tsakiyar zango, ku jira sabo.

A zaman ƙarshe na shekara, ku buɗe littafin ku bi abin da kowa ya ce zai canza, ɗaya bayan ɗaya, ya faɗi ko ya yi, da abin da ya gani a takardun jarrabawa. Idan wasu sun fara tambayar yadda za su shiga, kada ku faɗaɗa ƙungiyar ta koma taro. Biyu daga cikinku su fita su kafa sabuwa da mutum uku ko huɗu, su tafi da kwafin shafin ƙa'idoji da samfurin takardar kallo, littafin ƙungiya kuwa ya zauna a hannun waɗanda sunayensu ke ciki.